Hasumiyar Akitek Sharhabilu

Allah ya yi wa ƙasar Batsari baiwa iri-iri, amma babu kamar Akitek Sharhabilu, mai zanen gine-gine. Wasu garuruwa kogi suka samu, wasu ma'adinai. Mu kuwa mun samu mutumin da ya yi kwana goma sha huɗu a ƙasar Turawa yana kallon gine-gine, ya dawo da gyale a wuya da tausayinmu a zuci. Tarihin yankinmu kashi biyu ne, kafin zuwansa da bayan zuwansa. Da yake ni ne sakataren kwamitin iyayen yara masu sikila, kuma aikina rubuta abin da ya faru da lokacin da ya faru, ina da ranar ƙarshe ta kashin farko a littafina.

Talata ce. Ƙarfe bakwai na safe Dakta Muhsina ta buɗe tsohon ɗakin shan magani da ke bakin hanyar Batsari zuwa Safana. Ginin ƙasa ne tun na zamanin en'e, kaurin bangonsa kamu biyu. Ƙarfe takwas mata suka fara sauka daga babura, kowace da yaro, da kaka, da gwaggo, da kwanon tuwo. Suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin itatuwan bedi, wato darbejiya, guda bakwai da ke tsakar wurin. Ƙarfe tara Inna Talatu mai zoɓo, wadda jikanta ke cikin masu zuwa, ta ajiye kularta a gindin bedi na uku inda ta saba. Daga goma zuwa azahar Dakta tana soka yatsun yara, tana ɗiga jini ɗigo biyar a kan farin kati, tana rubuta lamba. In kati ya bushe sai ta sa shi a leda, ta liƙe, ta jera a ƙananan akwatunan ƙarfe a ɗakin ciki mai duhu da sanyi.

A lokacin, shekara shida ke nan tana yi wa jami'a wannan aiki. Abin da ake nema shi ne a gano me ya sa sikila ke kwantar da wani yaro kowane wata, ta bar wani har ya kai aure. Amsar, in ji Dakta, tana cikin ɗigogin nan, matuƙar ba su sha zafi ko damshi ba. Daga ƙarshe katunan sun kai dubu ɗaya da ɗari huɗu da goma sha biyu, a akwati goma sha biyar. Da yawansu ba za a iya sake ɗauka ba. Wasu ƙauyukan da aka ɗebo su, mutanensu sun tashi. Wasu yaran kuma sun rasu. Kati mai lamba ɗari uku da goma sha bakwai na 'yata ne, Jannat. Ta rasu tana da shekara tara.

Ƙarfe biyu aka yi sallah. Ƙarfe uku aka buɗe kwanuka. Ƙarfe huɗu saura kwata wata farar mota ta tsaya, ƙafa ta fito sanye da takalmi mai tsini, jahilcinmu ya zo ƙarshe.

Mun san shi mana. Ɗan marigayi Malam Tayyib ne mai facin taya a tashar Batsari. Shi ne dai bai san mu ba, don ilimi in ya yi yawa yakan yi wa mutum haka. Farar hular kwano a kansa, ko da yake babu abin da zai faɗo masa sai kashin tsuntsu. Gyalen ulu a wuya, a tsakiyar watan Maris. Tabarau zagayayye, wanda wani makwabcinsu ya rantse babu magani a cikinsa. A hannunsa wata 'yar fitila kamar biro mai fitar da jan ɗigo. Daga baya muka gane duk abin da ɗigon nan ya sauka a kansa, kwanansa ya ƙare.

Ya ɗora shi a kan bedi na farko, sannan ya gyara murya.

"Jama'a, jami'a ta amince a gina muku cibiyar binciken lafiya a nan, kuma Allah ya dube ku, ni aka ba zanen. Amma kada ku ji haushi, ba don ku zan zana ba. Don ƙarnin gaba zan zana."

Kafin magariba 'yan acaɓa sun raɗa masa suna Ƙarnin Gaba. Da labari ya kai masa, sai ya sa aka ƙara sunan a ƙarƙashin muƙamansa bakwai.

Bayan wata biyu ya tara mu a wani aji don ya nuna mana zanen. Akwai 'yan kwamiti, akwai Dakta, akwai Malam Muntaka na ƙauyen Zakka, dattijon da ya yi shekara hamsin yana gina wa mutane soraye da rumbuna. A kan tebur an lulluɓe wani abu da farin ƙyalle. Akitek ya sa muka ƙirga ɗaya zuwa uku, ya yaye.

Ɗan ƙaramin samfurin gini ne, duk na gilashi, a lanƙwashe, da 'yan fitilu a ciki.

"Me kuka gani?"

Malam Muntaka ya matso, ya karkata kai. "Ranka ya daɗe, ni dai lauje na gani."

"Madalla! Baba ya fi ku ido. Siffar ƙwayar jinin mai sikila ke nan. Duk wanda ya bi ta sama a jirgi, da ya leƙo zai gane ciwon da ake bincike a nan."

Mu iyaye muka tsaya muna kallon ƙwayar da ta kai wasunmu maƙabarta, an yi ta da gilashi an kunna mata wuta. Muka yi godiya. Inna Talatu ta tambaya wane jirgi ne ke bi ta Safana, don ita ba ta taɓa jin ƙararsa ba. Aka ce mata na ƙarnin gaba.

Daga nan jan ɗigo ya shiga zagaye. Ginin ba shi da taga ko ɗaya da ke buɗewa, domin taga mai buɗewa alama ce ta rashin yarda da na'urar sanyi. Ƙofarsa da kanta take buɗewa in ta ga mutum, da ikon lantarki. Lantarkin kuma daga janareta. Dakta ta ce ko za a jera faifan sola a rufin.

"Faifan sola a kan laujena? Haba Dakta! Kya manna wa amarya filasta a goshi?"

Kafin a kai ƙofar akwai matakala arba'in da biyu. Dakta ta tuna masa cewa yaran da za su zo, ƙashinsu ne ke ciwo.

"Ilimi hawa ne, Dakta. Yaron da ya hau matakala arba'in da biyu ai ya fara warkewa."

Ɗakin jira na da kujeru goma sha biyu, farare, marasa majingina. Inna Talatu ta ƙirga su da yatsa sau biyu.

"Yallaɓai, kaka fa? Gwaggo fa? Ina za a shimfiɗa tabarma, ina za a ɗora tukunya?"

"A ƙarnin gaba, Hajiya, mara lafiya shi kaɗai yake zuwa asibiti."

"Allah ya kiyashe mu da ƙarnin gaba," in ji Inna Talatu. Aji ya amsa da amin kafin kowa ya tuna wanda ke tsaye a gabansa.

Malam Muntaka bai ce amin ba, yana can yana zagaya tebur. Ya sa yatsa a jikin babban bangon gilashin.

"Ranka ya daɗe, wanga bango ina shike kallo?"

"Yamma. Titi. Don manya masu wucewa su gani."

"Yamma kuwa can rana ke faɗuwa. Mu nan ko akurkin kaji ba mu ba ranar la'asar fuska."

Akitek ya yi murmushin da likita ke yi wa wanda ya ce mayu ne suka kama shi. "Baba, a ƙasar da na yi karatu, gini neman rana yake yi."

"To, nan rana ce ke neman gini. Kuma tana samu."

Akitek ya juyo wurina ya ce in rubuta a littafi cewa wannan shi ake kira tsoron haske. Na rubuta.

Shekara biyu aka yi ana gini. Bedi bakwai suka tafi a mako na farko, domin inuwarsu za ta ɓata wa gilashi fuska. Mata suka koma zama a gindin katanga, suna bin inuwa tana guduwa. Lauje ya tashi, yana ƙyalli har ido ba ya iya tsayawa a kansa. Direbobin hanyar Safana suka koyi rufe ido ɗaya in sun zo wurin. Tsuntsaye ne kaɗai suka kasa koyo, kullum da safe sai an share gawarsu a gindin bango. Akitek ya ce ko tsuntsu ya gane akwai abin shiga a ciki.

Saura wata guda a buɗe, jan ɗigo ya sauka a kan tsohon ɗakin shan magani. Nan za a yi wurin ajiye motocin baƙi. Malam Muntaka ya ga saukar ɗigon. Washegari ya fara kwaɓa ƙasa a gonar da ke bayan katanga. Ya jera duwatsu, ya tayar da rumbun ƙasa a kansu, ya yi masa hular ciyawa. Ya ce na gero ne.

Da Akitek ya hango shi daga sama, sai da ya dafe ƙirji. Gonar ba tasa ba ce, ba shi da ikon rushewa. Sai ya sa aka buga wani makeken ƙyalle mai ɗauke da hotonsa, hannu a haɓa, ido a ƙarnin gaba, aka kafa shi a yammacin rumbun don ya ɓoye wa baƙi wannan abin kunya. Ƙyallen ya tare ranar la'asar tsaf. A duk aikin da Akitek ya yi mana, wannan ce inuwa ɗaya da ya samar, kuma adalci ne a rubuta ta.

Sai takarda ta zo daga jami'a, bisa shawarar mai zanen gini. A tsinin laujen akwai wani ɗaki da Akitek ya sa wa suna Ɗakin Haske, gilashi sama, gilashi gefe. Takardar ta ce a fitar da katunan jini daga ledojinsu, a jera su a kantocin gilashi na ɗakin tun ranar Litinin, don masu hoto su samu kwana uku kafin bikin buɗewa ranar Alhamis. Akitek ya bayyana mana hikimar.

"In ranar yamma ta bi ta bayansu, kowane ɗigo zai yi ja kamar yaƙutu. Jini dubu da ɗari huɗu yana haskawa! Shekara takwas Dakta na ɓoye su a duhu kamar kayan sata. Ni zan fito da su duniya ta gani."

Dakta ta rubuta wasiƙa biyu, ba a ba ta amsa ba. Man janareta kuma ba zai iso ba sai ranar biki. Ƙofar ma ba a haɗa ta da lantarki ba tukuna, da hannu ake tura ta. Ranar Asabar ƙarfe uku na rana muka hau Ɗakin Haske ni da ita da ma'aunin zafi. Digiri hamsin da huɗu. Muka sauko, Dakta ta zauna a matakala ta ƙarshe. Ta ce yini ɗaya ya isa ya dafa katunan duka.

Inna Talatu na gefe da kularta. Ta miƙa wa Dakta kofi.

"Dakta, shi wannan bawan Allah, jini yake so ko ja?"

"Ja yake so, Inna."

"To ai ja sana'ata ce."

Dakta na da katunan da ba a taɓa ba, kwali biyu. Daren Asabar da yinin Lahadi matan kwamiti suka yi a gidan Inna Talatu, kowace da tsinken tsintsiya, suna ɗiga zoɓo ɗigo biyar-biyar. Ban taɓa ganin matan nan suna dariya haka ba. Wata 'yar ƙauyen Darini ta ce a yi wa nata ɗan manyan ɗigo, don yaro ne mai ci. Ni nake rubuta lambobi. Da na kai ɗari uku da goma sha bakwai, na rubuta ta kamar sauran.

Katunan gaske kuwa, a akwatunansu, suka tafi a amalanken shanu a ƙarƙashin kara. Malam Muntaka ya zura su cikin rumbu ɗaya bayan ɗaya, ya rufe baki, ya mayar da hula.

Abu ɗaya Dakta ta roƙa: ruwan zoɓo zalla, kada a sa komai. Inna Talatu ta ce to. Amma shekara talatin tana wannan sana'a, zoɓo bai taɓa barin hannunta lami ba. Balle wannan da zai je gaban farfesoshi, a ce na Talatu ne? Ta zuba sukari, ta sa citta da kanumfari, ta ɗanɗana, ta ƙara sukari. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar Litinin Akitek ya zo duba jeri. Ya tsaya a tsakiyar Ɗakin Haske, gumi na bin gyalensa, ya shaƙi iska.

"Kun ji ƙamshi? Gini mai kyau har jini yake gyarawa."

Alhamis ta zo da rana irin ta Afrilu. Jami'a ta aiko Farfesa Salmanu, dattijo mai ƙarancin magana, shugaban masu kula da binciken. Hakimai sun zo, 'yan jarida sun zo. Mai garin Zakka ya kawo kyautar rago, fari, ƙosasshe, ƙahonsa ya murɗe sau biyu. Aka ce a ɗaure shi a sama kusa da ƙofa, don a miƙa shi bayan jawabi. A cikin duk baƙin ranar, ragon ne kaɗai ya hau matakala arba'in da biyu bai yi haki ba. Wani hakimi ya tsaya a ta goma sha tara ya ce shi daga nan ma yana ganin ci gaba.

Ƙarfe biyu da minti goma aka tayar da janareta. Ƙofa ta gan mu ta buɗe, aka yi kabbara. Muka bi Akitek har Ɗakin Haske. Ya juya wa kantoci baya, ya fuskanci masu hoto, ya ɗaga hannu biyu.

"Ranka ya daɗe Farfesa, iyayen ƙasa, 'yan uwana 'yan ƙarnin da ya wuce. Mahaifina taya yake liƙewa. Ni yau na liƙe tsakanin Batsari da duniya. A bayana ga jinin al'umma, na fito da shi daga duhu. Ku duba!"

Muka duba. Katunan sun yi baƙi, kuma suna motsi.

Kiyashi ne. Kwana uku suna tahowa daga gonaki, a layi, sun hau matakala arba'in da biyu, sun bi ta ƙarƙashin ƙofa, sun zauna a kan kowane ɗigo. Su dai sun yarda ilimi hawa ne.

Dakta ta dubi Inna Talatu. Inna Talatu ta dubi rufi.

Da wani mutum ne, da ya ruɗe. Akitek Sharhabilu ba wani mutum ba ne. Ya juya, ya kalli kantocin na ɗan lokaci, ya cire tabarau, ya mayar, fuskarsa ta washe.

"Allahu akbar! Jama'a, duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da kiyashi ke bi. Suga! Ginina, a kwana uku, ya gano abin da Dakta ta kasa ganowa a shekara takwas. Yaran Batsari da Safana, dukkansu, suna da ciwon suga!"

Wasu suka fara tafi. 'Yan jarida na rubutawa. Farfesa Salmanu bai tafa ba. Ya ɗauki kati ɗaya, ya karkaɗe kiyashin, ya kai hanci. Ya ɗauki na biyu, ya shinshina.

"Dakta Muhsina," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "wannan kanumfari nake ji. In abin da jami'a ta yi shekara takwas tana jira ke nan, yau za a rufe binciken nan, kuma ke za ki amsa tambayoyi."

Dakta ta buɗe baki, Inna Talatu ta riga ta.

"Ranka ya daɗe, zoɓo ne. Nawa ne. Dakta ta ce kar in sa sukari, ni ce na ga bai kamata ba." Ta dubi katin da ke hannunsa. "Cittar ta fito?"

Kafin Farfesa ya amsa, janareta ya yi tari sau uku ya mutu. Na duba agogo: biyu da minti talatin da ɗaya. Ya yi aiki minti ashirin da ɗaya. Na'urorin sanyi suka yi shiru. Waɗanda ke kusa da ƙofa suka je gabanta suka tsaya, ba ta gan su ba. Suka ɗaga mata hannu. Wani ya yi mata sallama. Mutum tamanin da shida a cikin lauje, babu taga, rana ta juyo yamma tana neman gini.

"Kada kowa ya firgita," in ji Akitek. "Ginin yana numfashi."

Ginin kaɗai ke yi. Hakimai suka fara kwance rawuna. Wani ɗan jarida ya zauna a ƙasa yana fifita da jawabin Akitek da aka raba mana. Ƙarfe uku saura kwata Akitek ya cire gyale, muka ga ashe yana da wuya kamar kowa.

A waje, rago ya gaji da jira. Da rana ta juyo, gilashin ƙofar ya zama madubi, sai ga wani rago fari, ƙosasshe, mai murɗaɗɗen ƙaho, tsaye yana kallonsa. Ragon Zakka ya karkata kai, wancan ya karkata. Ya buga ƙafa, wancan ya buga. A Zakka ba a taɓa yi masa wannan rainin ba. Daga ciki muna kallonsa ya ja da baya iyakar tsawon igiya, igiya ta tsinke, ya ƙara ja.

Ƙarar ta kai kasuwa. Ƙofar ƙarnin gaba ta zube kamar ƙanƙara, iska ta shigo, rago ya tsaya a tsakiyar ɗakin jira yana neman abokin gabarsa a tsakanin kujeru goma sha biyu. A nan Akitek ya nuna mana shugabanci. Shi ya fara fita.

Da kowa ya sha ruwa, Farfesa ya ce to, ina jinin? Muka zagaya da shi bayan katanga, muka bi ta ƙarƙashin hoton Akitek. Malam Muntaka ya jingina tsani, ya hau, ya ɗage hular rumbu. Farfesa ya tattara babbar rigarsa ya hau bayansa. Na miƙa masa ma'aunin zafi, ya zura ciki, muka jira minti biyar.

"A waje nawa?" ya tambaye ni.

"Arba'in da uku, ranka ya daɗe."

"A ɗakin can?"

"Hamsin da biyar lokacin da muka fito."

"Nan ashirin da takwas." Ya dubi ma'aunin ya sake dubawa. "Malam Sakatare, faɗi wata lamba, kowace ce, in duba."

Na ce ɗari uku da goma sha bakwai. Na ce tana akwati na huɗu.

Malam Muntaka ya shiga ya miƙo akwatin. Farfesa ya buɗe a kan gwiwarsa, yana tsaye a tsani, ya bi ledojin da yatsa, ya zaro ɗaya. Ɗigo biyar, ruwan ƙasa-ƙasa, a bushe. Ya juya shi gaba da baya, bai buɗe ledar ba.

"Lafiya lau yake," ya ce.

Na rubuta a littafina, da lokacin. Uku da minti ashirin.

Farfesa ya duba wasu goma, ya sauko, ya ba Dakta haƙuri a gaban kowa. Sannan ya tambayi Malam Muntaka a ina ya yi karatun gini.

"Wajen babana, ranka ya daɗe."

"Za ka iya yi mana irin wannan, babba, mai ƙofa, da wurin da mata za su shimfiɗa tabarma?"

"In dai ba yamma za shi kalla ba."

Inna Talatu ta matso da kofi. Farfesa ya karɓa ya sha, ya ce cittar ta fito.

Farar mota ta bar wurin kafin la'asar, kuma ba ta dawo ba. Mun ji labari Akitek na can birni yana ba ɗalibai lacca a kan yadda ya auri gargajiya da zamani a Batsari, da hoton rumbun a allo. An ce ana tafa masa sosai.

Ya bar kaya a ofishinsa na wurin aiki. Mun aika masa sau biyu bai aiko an ɗauka ba, sai kwamiti ya zauna a kansu, na rubuta yadda aka yi da kowanne. Gyalen ulu aka ɗaure wa rago a goshi inda gilashi ya yanke shi; ba a yanka shi ba, an mayar da shi Zakka a gaban mota. Hular kwano tana gidan Inna Talatu, kaza ta ƙyanƙyashe 'ya'ya tara a ciki. 'Yar fitilar nan Dakta ta riƙe. In za ta soka yatsan yaro sai ta sa uwarsa ta yi yawo da jan ɗigo a bango, kafin yaro ya kama shi an gama. Laujen kansa matan Darini suka roƙa aka ba su aro. Tumatir da tattasai na bushewa a Ɗakin Haske a yini ɗaya da rabi, babu ƙura, babu akuya. Suna yi wa Akitek addu'a kullum. An dasa bedi bakwai, sun kai gwiwa.

Saura allon marmara da aka sassaƙa sunansa da muƙamansa takwas, wanda ba a samu damar buɗewa ba. Shi ne kwamiti ya rasa yadda zai yi da shi, sai da ruwan farko ya sauka, ɗaya daga duwatsun gindin rumbu ya nutse. Malam Muntaka ya gwada allon, ya shiga daidai. Ya kife shi rubutu a ƙasa, don ya ce sassaƙen ya fi kama ƙasa.

Malam Muntaka mutum ne mai adalci. Duk baƙon da jami'a ta turo, sai ya kai shi gindin rumbu, ya durƙusa ya nuna masa gefen farin dutsen, ya ce wannan aikin Akitek ne, kuma har yau bai ba mu matsala ba.